Gyaran hali ta intanet ga masu dukan mata a karkarar Ostireliya, da irin sulhun da muka sani a zaure

A jihar Victoria ta ƙasar Ostireliya, inda nake zaune, magidancin da ya saba dukan matarsa ko razana iyalinsa ba ya fita da ban haƙuri kawai, domin kotun majistare tana iya tura shi zaman gyaran hali da ake shirya wa maza. Tsarin ya ƙara ƙarfi bayan wani uba ya kashe ɗansa mai shekara 11, Luke Batty, a filin wasa a watan Fabrairun 2014, abin da yake cikin dalilan kafa hukumar bincike kan cin zarafi a cikin iyali a 2015, wadda ta miƙa shawarwari 227 a 2016. Ƙa'idar jihar ita ce a yi aƙalla mako 20 ana zama, awa biyu kowane mako, ƙarƙashin jagorancin mutum biyu, namiji da mace.

A karkara kuwa nisa ne babban cikas. Garin Mildura ya fi kilomita 500 daga Melbourne, kuma manomin da ke can cikin gonaki yana iya shafe awanni a mota kafin ya isa wurin zaman, balle a lokacin girbi. Ga kuma kunya, tunda a ƙaramin gari kowa ya san motar kowa, kuma duk wanda ya ga inda aka ajiye ta ya san abin da ya kawo mai ita. Kullen korona na 2020 ya tilasta mayar da zama da yawa kan bidiyo, daga nan aka fara kallon intanet a matsayin hanyar kai wa ga mazan ƙauye.

Ni dai ina ganin amfanin hakan, amma ina da fargaba guda wadda ba ta barina. Mutumin da ya je zama a gari yana da tafiyar dawowa da zuciyarsa za ta huce a cikinta, shi kuwa wanda aka gaya wa gaskiya mai ɗaci ta kwamfuta, da zarar ya rufe ta, matar da ake magana a kanta tana ɗaki na gaba, maƙwabci mafi kusa kuma yana bayan gonaki. Abin da ke riƙe shirin shi ne ma'aikaciyar da aka ware domin ta riƙa tuntuɓar matar ita kaɗai, tana jin ko da gaske mijin ya sauya ko kuwa ya dai koyi kalmomin da ake so a ji. Idan aka cire wannan, sauran duk kallon allo ne.

A gida Najeriya ba mu da matsalar nisa ko kaɗan. Mace ta yi yaji, a aika biko, waliyyai su zauna a zaure, in abin ya gagara a je wurin mai unguwa ko liman, a Kano ma har ofishin Hisba. Asalin wannan mai kyau ne, domin aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce a ɗauko mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Sai dai yadda muke yi, zama ɗaya ne tak, kuma nauyinsa kusan duka kan matar yake faɗawa: a ce mata ta yi haƙuri, aure ibada ne, harshe da haƙori ma suna saɓawa. Shi kuma a ce masa ya ji tsoron Allah, ya sunkuyar da kai, a shafa fatiha. Sau da yawa a gabansa ake tambayarta abin da ya faru, kuma ba na tuna wani sulhu da na halarta inda aka ce wa miji ya dawo mako mai zuwa a ji yadda ya kwana da fushinsa.

Dokar ma ba ta tsaya da ƙafa ɗaya ba. Sashe na 55 na kundin Penal Code da Arewa ta gada ya bar wa miji ƙofar "ladabtar" da matarsa, alhali dokar hana cin zarafi ta 2015 ta fara aiki ne a Abuja kaɗai, sai jihar da ta ga dama ta amince da ita.

Saboda haka ba na cikin masu cewa a kwaso shirin bidiyo a kai ƙauyukanmu, inda sabis ke ɗaukewa, kuɗin data ke da wuya, wayar gidan ma galibi a aljihun mijin take. Abin da zan so mu ɗauka shi ne tsawon lokacin da kuma keɓewar. Liman da mai unguwa suna ganin mutumin nan sau biyar a rana a masallaci, don haka kiransa duk mako har wata biyar ba zai ci musu ko kuɗin mota ba, sannan a samu dattijuwa ko malamar Islamiyya wadda ba danginsa ba, ta riƙa leƙa matar a lokacin da ya tafi gona.