Batir ne ya mutu, an ce a tuge akwati gaba ɗaya

Ku ji abin da aka faɗa wa wani Alhaji mai injin matse man gyaɗa. Aiki ya tsaya mako guda, masu sayar da kaya suka zo, suka leƙa akwatin sarrafa injuna na minti biyar, suka ce komai ya tsufa, a tuge a sa sabo. Wallahi wannan ciniki ne aka yi wa rigar shawara, kuma abin ya ɓata mini rai. Abin da ya mutu a akwatin nan batir ne, ɗan batir mai bolt 3.6 wanda bai kai yatsa tsawo ba.

Otomat shi ne ƙaramar kwamfutar da ke cikin akwatin tana ba injuna umarni. Tsofaffin otomat irin S5 da na farkon S7-300 na kamfanin Siemens, furogiram ɗinsu yana zaune ne a ƙwaƙwalwar da batirin ke riƙe da ita idan babu wuta. Fitilar gargaɗi ta yi wata da watanni tana ci, ba wanda ya kula. Ran da aka ɗauke kuran, otomat ya farka bai san komai ba. Ana canza batirin nan ne otomat yana kunne, kuma kafin a taɓa shi a kwafe furogiram a kwamfuta, a ajiye kwafi biyu a wuri biyu, a rubuta kwanan wata. Aikin rabin yini ne. Shi ne ya zama dalilin zubar da dukiyar miliyoyi?

Moter lafiya lau. Wayoyi lafiya lau. Na'urorin auna zafi da matsi masu aiko da saƙon lantarki na 4 zuwa 20 mA (miliamfa), sabon otomat zai karanta su kamar yadda tsoho ke karantawa. Wutar 24 bolt ta jiya ita ce ta yau. To a kan me za a tuge su? Idan kan ya gaji, wato otomat ɗin, kan ake canzawa. Akwai ma adafta da ake sayarwa don a ɗauki filogin wayoyin S5 a jona a sabon kati, wato ɓangaren otomat da wayoyi ke shiga, ba tare da an kwance waya ɗaya ba. Kuma kuskure a wurin kwance waya ɗari biyu ake yinsa, ba a wurin saye ba.

Za a ce mini ai babu kayan gyara. Siemens ta sanar da janye S7-300 daga Oktoba 2023, amma ta ce kayan gyara na nan har 2033. Wannan lokaci ne na shiri, ba na firgita ba. Layin injuna ɗaya za ka sabunta bana, katunan da ka cire masu lafiya su zama ajiyar layi na biyu. Za a ce garanti. Garanti bai taɓa hana ƙurar hunturu shiga akwati ba.

Ƙura da zafi su ne masu kashe mana kaya a Damagaram, ba shekaru ba. A watan Afrilu da Mayu waje ya haura digiri 40, cikin akwatin da fankarsa ta tsaya kuwa sai wanda ya sa hannu. Kwandansatan da ke cikin na'urar ba da wuta, wato ɗan gwangwanin da ke riƙe caji, duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsa biyu. Buɗe ka duba: idan kansa ya kumbura kamar ƙosai, ko ya tsatso ruwa mai launin ƙasa, canza na'urar ba da wutar kawai. A wanke matatar iska duk wata lokacin hazo. A ɗaure sukurorin wayoyi sau ɗaya a shekara, domin girgiza na sassauta su, wayar da ta saki kuma zafi take yi har ta ƙone kontakta, makunnin da ke ba moter wuta. A sa abin kariya daga tsawa da rilen lura da fas uku, mai yanke wuta idan ɗaya cikin layukan wuta uku ya samu matsala, kafin damina, musamman inda ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta. Sabon akwati ma, ba tare da waɗannan ba, zai bi sahun tsoho.

Mai son zamani na gaske, ga inda kuɗinsa zai dawo: na'urar rage gudun moter a kan famfo ko fanka. Ka sauke gudu zuwa kashi 80 cikin ɗari, wutar da ake ci ta kusa komawa rabi. Mai son ganin injinsa a allo ya sa ƙaramar mahaɗar Modbus, mai kai bayanan inji zuwa kwamfuta, a wayar sadarwa ta RS-485, kada ya manta resistans 120 om a kowane ƙarshe na wayar. Tsohuwar kwamfuta mai Windows XP kuwa, tun 2014 kamfanin Microsoft ya daina kula da ita, a raba ta da intanet da kowane filas na cin waƙa.

Sai maganar zanen wayoyi. Yawanci yana cikin aljihun ƙofar akwati, gara ta ci rabi, sauran yana cikin kan wani dattijon ma'aikaci da ya kusa ajiye aiki. Iyayen gida, don Allah ku haɗa shi da yaro ɗaya cikin waɗanda suka fito makarantar koyon sana'a, ku ba su maka da littafi, su bi waya ɗaya bayan ɗaya suna sa lamba. Ku biya dattijon kuɗin wannan aiki daban, ku ba yaron kuɗin kabu-kabu.