Duba-gari da tawul ɗin gado

Damina ce, a bakin wani gidan wanka da bahaya kusa da tashar mota a Gusau. Mai gidan yana zaune kan benci da gwangwanin canji. Gabansa baho ne cike da ruwa, ga tawul rataye a ƙusa, wanda ba mai iya rantsuwa kan launinsa na asali. Baƙauye ya fito, ya ajiye buta, ya tsoma yatsu a bahon. Sai ga Duba-gari.

DUBA-GARI: Baba, tsaya! Me ka yi yanzu?

BAƘAUYE: Abin da ka kai kowa ciki. Shi ma sai an ba da bayani?

DUBA-GARI: Hannu nake nufi.

BAƘAUYE: Awo, na wanke shi.

DUBA-GARI: Ka dai gaisa da ruwa. Mai gida, mutum nawa suka tsoma hannu a bahon nan yau?

MAI GIDA: Ranka ya daɗe, tun asuba ba su wuce saba'in ba. Kuma duk mutanen kirki ne.

DUBA-GARI: To wannan ya zama romo. Ga damina, lokacin amai da gudawa. Ƙwayar kwalara daga bayan gida take hawa hannu, daga hannu ta faɗa tuwo. Ruwan wanke hannu zuba shi ake yi, ya bi ƙasa da dattin. Ina sabulu?

MAI GIDA: Akwai. Shiga hamsin, sabulu hamsin.

Ya zaro wani ɗan guntu daga aljihun gaba, kamar mai fito da goron da ba ya son rabawa.

BAƘAUYE: Wanga sabulu ne ko ƙwayar zazzaɓi? Mu can gida toka muka sawa.

DUBA-GARI: Toka ta fi babu in sabulu ya gagara. Yau kuwa ga shi. A'a, Baba, kar ka koma wa butar nan, kowa ya gama tsarki ita yake kamawa. Mai gida, ɗebo sabon ruwa a randa da moɗa ka zuba masa. Yawwa. Jiƙa hannu, goga sabulu, ka cuɗa har daƙiƙa 20.

BAƘAUYE: Ba ni da agogo, ɗana.

DUBA-GARI: Ƙirga ashirin.

BAƘAUYE: Biyat, goma, sha biyat, ashirin. Zuba!

DUBA-GARI: Ba buhunan gero kake ƙirgawa ba! Ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Cuɗa tafi, juya bayan hannu, shiga tsakanin yatsu.

BAƘAUYE: Wagga ko liman ya hwaɗa muna wajen alwala.

DUBA-GARI: To kama babban yatsa ka murza, shi aka fi mantawa. Sannan ka sosa farce a tsakiyar tafi, don datti a ƙarƙashinsu yake kwana.

MAI GIDA: Yallaɓai, a yi a hankali, sabulun nan na sati ne.

Aka ɗauraye. Baƙauye ya kalli hannunsa kamar na aro, ya nufi ƙusa.

DUBA-GARI: Ina za ka?

BAƘAUYE: In goge mana.

Duba-gari ya riga shi, ya cafko tawul ɗin, ya ɗaga shi sama, ya kawar da hanci.

DUBA-GARI: Shekararsa nawa?

MAI GIDA: Tun korona, 2020. Sabo fil na saye shi.

DUBA-GARI: Yaushe rabon a wanke shi?

MAI GIDA: A wanke shi kuma? Ranka ya daɗe, tun da yake bai taɓa goge hannun da ba a wanke ba. Me zai ɓata shi?

DUBA-GARI: Duk wanda ya tsoma yatsu a bahon can, nan yake sauke ragowar kayansa. Ga shi ba ya bushewa, ƙwayoyin cuta kuwa danshi suke so. Baba ya goga nan, hamsin ɗinsa ta tafi banza.

BAƘAUYE: Sai in goge da rigata.

DUBA-GARI: Wadda ka rungumo akuya da ita daga Talata Mafara?

BAƘAUYE: Tunkiya ta. To in tahi hakanan?

DUBA-GARI: Shi ma a'a. Jiƙaƙƙen hannu ya fi busasshe kwasar ƙwayoyin cuta. A manyan otal akwai takardar goge hannu, ka yi amfani da ita sau ɗaya, ka rufe famfo da ita, ka jefa a kwando. Wasu wuraren na'ura ce mai hura iska.

MAI GIDA: Da wace wutar?

DUBA-GARI: Shi ya sa za mu yi da iskar Allah. Yarfe ruwan, Baba, ka ɗaga hannu sama har ya bushe. Kar ka taɓa komai.

Baƙauye ya tsaya bakin hanya, tafuka a buɗe, yana motsa baki don ƙirgar ta riga ta kama shi. Fasinjoji biyu suka ja birki suka ɗaga nasu. Mai tallan fura ta sauke ƙwarya.

MAI FURA: Malam, a sa da mu. Allah ya kawo kasuwa.

FASINJOJI: Amin! Amin!

BAƘAUYE: Sha tara, ashirin.

Duk suka shafa.

YARON MOTA: Mafara! Mafara! Saura mutum ɗaya!

MAI GIDA: Baba, ɗari ce.

BAƘAUYE: An ce kar in taɓa komi. Kuɗɗin ga ko, mahauci ya ba ni su.

DUBA-GARI: Madalla, Baba! Ka fi 'yan boko saurin ganewa. Kawo hannu mu gaisa.

Baƙauye ya dubi hannun da aka miƙo masa, ya dubi tawul ɗin da ke reto a cikinsa, ya ja da baya taku biyu.

BAƘAUYE: Mu gaisa da baki, ɗana. Mai gida, ɗebo mishi ruwa.

MAI GIDA: Sabulu hamsin, ranka ya daɗe. Na Baba ma a hannunka zan karɓa.