Rajistar gudun hijira da zancen tafiya Turai

A ƙauyukanmu na Jigawa ana ta yaɗa cewa duk wanda rikici ya raba da gidansa, in ya yi rajista, Majalisar Ɗinkin Duniya za ta kai shi Turai. Ruɗanin da dalilinsa, tunda suna ɗaya muke kiran kowa da shi, wato ɗan gudun hijira. Amma a yarjejeniyar duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira, sai mutum ya tsallaka iyakar ƙasarsu kafin a kira shi da wannan suna. Bazamfaren da ya dawo Gumel yana hannun gwamnatin Najeriya. Ɗan'uwansa da ya shiga Maraɗi shi ne ɗan gudun hijira a dokar duniya. Ko cikin irinsa, waɗanda ake sauya wa ƙasa a shekara ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma ƙasar da za ta karɓa ce ke zaɓa. Rajistar UNHCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, kyauta ce, ba ta da dillali.