Shakuntala Thilsted da kuskuren auna masani da yawan ambato

Bana ma ba ta sauya zani ba. Da fitowar jerin nan da ake dangantawa da Jami'ar Stanford da kamfanin wallafa mujallun bincike na Elsevier, wanda ke ware kashi 2 cikin 100 na masanan da aka fi ambaton rubuce-rubucensu a duniya, jami'o'inmu na Najeriya suka shiga rige-rigen taya malamansu murna, har da na sassan kimiyyar kifi da albarkatun ruwa. Ban ƙi a yaba wa wanda ya yi ƙoƙari ba. Abin da ke damuna shi ne yadda aka mayar da ƙidayar ambato ma'auni ɗaya tilo na tasirin mai bincike, har matashin malami ya fahimci cewa ƙarin girmansa ya dogara ne kan yawan takardun da ya wallafa, ko da babu mai kiwon kifi ko ɗaya da ya taɓa cin moriyarsu.

Duk mai son ganin raunin wannan ma'auni ya duba rayuwar aikin Dakta Shakuntala Haraksingh Thilsted, wadda aka haifa a Trinidad a 1949, ta yi digirin farko a fannin noma a Jami'ar West Indies, ta yi digirin digirgir a Denmark, sannan ta shafe shekaru masu yawa tana bincike a Bangladesh, daga baya a ƙarƙashin cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ƙasa mai suna WorldFish. A lokacin da ta fara aiki a can, abin da masana ke koya wa manoma shi ne su zuba guba a kududdufi su kashe ƙananan kifayen gida kafin su saka manyan kifayen da ake kira kaf (carp), bisa zaton cewa ƙananan suna cinye abincin manyan. Ita da abokan aikinta suka ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan kifayen da aka raina, wanda ake kira mola, suka auna abin da ke jikinsa. Sun gano yana ɗauke da bitamin A mai yawa, musamman a idanunsa, kuma tun da ana cinye shi ne da kai da ƙaya, yana ba jiki sinadarin kalsiyam da na ƙarfe (ayon) da zinki fiye da tsokar babban kifi. Bayan haka suka gwada kiwon mola tare da kaf a kududdufi ɗaya, suka nuna cewa amfanin kaf bai ragu ba.

Ma'anar wannan ga gidan talaka a bayyane take. Babban kifi na kasuwa ne, ana jiran ya girma a sayar, amma mola yana hayayyafa da kansa a cikin ruwan, uwa tana iya kamo kaɗan kullum ta sa a miyar yara, kuma rashin bitamin A shi ne ke jawo dundumi da raunin garkuwar jiki. Daga nan aka ci gaba zuwa garin busasshen kifi da ake haɗa wa jarirai da masu juna biyu, salon ya kuma bazu zuwa Kambodiya da Indiya da Zambiya. A 2021 aka ba ta Kyautar Abinci ta Duniya. Ta wallafa takardu da dama, an kuma ambace su, amma abin da ya ɗaukaka ta shi ne tambayar da ta zaɓa: me yaron da ke gefen kududdufin yake ci?

Masu kare jerin suna cewa ai alƙaluma ba sa son kai, alhali kowa a jami'a ya san yadda abokai ke ambaton juna da yadda ake yayyanka bincike ɗaya ya zama takardu uku.

Abin takaicin shi ne muna da irin matsalar da Thilsted ta tunkara, har ma fiye. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma lamarin ya fi muni a Arewa maso Yamma. Muna da tafkin Kainji da Tiga da ruwan Chadi, muna da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, ƙananan kifaye kuma suna nan a kasuwanninmu ana sayar da su a bushe da gwangwani. Duk da haka, kiwon kifinmu ya tattara kusan kacokan kan tarwaɗa, wadda tsadar abincinta ke korar masu kiwo daga sana'ar, kuma wadda talaka ba ya iya sayenta sai da wani dalili. Malamin da zai kwashe shekaru yana bin ƙauyukan bakin ruwa yana auna sinadaran ƙananan kifayenmu da gwada kiwonsu tare da karfasa zai ga sa'o'insa sun zama farfesoshi sun bar shi a baya, domin tsarin bai tanadar wa irin aikinsa maki ba. Wannan zalunci ne ga malamin, kuma asara ce ga yaran da aikin zai amfana.

Ya kamata Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund su sa amfanin bincike ga manomi da masunci cikin sharuɗɗan ƙarin girma da bayar da tallafi, a kuma aika masu tantancewa su je su ga kududdufan da idonsu kafin a sa hannu.