Alhaji Ba'adare da lebura 96

Wai a kasuwar Katako ta Yamai aka yi wannan, layin masu gyaran waya da ordinatar. Alhaji Ba'adare babban dillalin albasar Galmi ya sauko daga Tahoua da portabul ɗinshi, ƙaramar ordinatar ta ɗorawa a cinya, naɗe cikin sallaya, ya dire ta kan teburin Injiniya. Shi Injiniya bai taɓa shiga ajin injiniyanci ba, suna ne kawai ya bi shi, amma aiki kam ya iya.

Alhaji: Salamu alaikum. Kai na Injiniya?

Injiniya: Amin alaikumus salam, sannu da zuwa Alhaji. Ɗan Tani ba Alhaji kujera. Mi ya samu mashin ɗin?

Alhaji: Babu abin da yas same ta, raini na ba ni so. Ɗan Alhaji Mamman da ad dawo daga karatun zanen gini ya zo da wata ordinatar ƙatuwa kamar akwatin amarya, wai ƙwaƙwalwatta Tiridi... Tirida...

Injiniya: Threadripper. Na kamfanin AMD.

Alhaji: Shi! Uban yana ta hwaɗi cikin tasha wai tana da kai 96. Ni tawa kai nawa gare ta?

Injiniya ya juya mashin ɗin, ya goge ƙura da babban yatsa ya karanta.

Injiniya: Core i7-1355U ce Alhaji, ta Intel. Kai 10.

Alhaji: Goma?! Inna lillahi. Ni da ka loda tirela uku ran kasuwa, Mamman bai cika guda. Cire wagga ka sa mini irin tashi yanzu-yanzu, kuɗɗi ba matsala ba na.

Ɗan Tani: Patoro a kawo guduma?

Injiniya: Yi mana shiru kai. Alhaji ba ya shiga. Parosesar ɗin portabul, wato ƙwaƙwalwar, a like yake da dalma jikin babban farantin cikin mashin, ba a cire shi. Wancan kuwa faɗinshi ya kusa tafin hannunka, gurbinshi daban, farantinshi daban, fankarshi kaɗai ta fi mashin ɗinka kauri.

Alhaji: A ɗaure shi da roba ta baya.

Injiniya: To mu ce an ɗaura. Naka wat 15 aka tsara mishi, in aiki ya yi tsanani ya ɗan haura na ɗan lokaci ya dawo. Wancan mai kai 96 ɗin, 7995WX, wat 350 yake ci shi kaɗai, ba a sa lissafin ekaran da sauran kaya ba. Sharjar ɗinka wat 65 ce. Batir ɗinka in ta cika fal ba ta kai shi minti 10.

Alhaji: Minti goma? Ko alwala ban gama ba.

Injiniya: Kuma duk wutar da ya ci zafi take komawa. Ka san watan Afirilu a Yamai, 45 a inuwa. Su waɗannan abubuwan in suka doshi digiri 100 da kansu suke rage gudu don kar su ƙone, shi ya sa wokisteshan, wato babbar ordinatar irin tashi, ke da ƙaton akwati da fankoki ko ma sanyaya da ruwa, ga kilim a ɗaki, ga ondilar ga gurup saboda ranar da aka ɗauke kuran. Kai kuma a cinya kake ɗora taka cikin rumfar albasa.

Ɗan Tani: Sai dai a gasa tsire a kai, dama ga albasa.

Alhaji: Wanga yaro ɗan wa na?

Injiniya: Rabu da shi. Alhaji tambaya ɗaya, mi kake yi da mashin ɗin?

Alhaji: Aiki babba. Lissahin buhuhuwa cikin Excel, wa ya biya wa bai biya ba. Sai WhatsApp da mutanena na Abija da Akara. Da dare in saurari wa'azi.

Injiniya: Shi ke nan?

Alhaji: Wani bi ina kallon kokowa.

Nan fa Injiniya ya gyara zama, don irin wannan bayanin shi ne abincinshi, ko ba a biya shi ba sai ya yi.

Injiniya: Alhaji in kana da buhu ɗaya tak da za a kai bakin mota, lebura nawa kake kira?

Alhaji: Guda mana. In na kira biyu sai sun yi hwaɗa kan kuɗɗin.

Injiniya: To kan parosesar lebura ne. Excel ɗinka buhu ɗaya ne, lebura ɗaya zai ɗauka, sauran 95 su zauna gindin bishiya suna shan shayi kai kana ciyar da su. Kuma wajen gudu na mutum ɗaya kusan kunnen doki suke, naka yana kai giga 5, nashi 5.1. Ka buɗe lissafinka a nan ka buɗe a can, wallahi ba ka gane bambanci.

Alhaji: To shi yaron hauka ya kai da as saye ta?

Injiniya: A'a shi tirela 50 gare shi a tsaye. In ya zana bene yana so mashin ta fito da hotonshi kamar na gaske, haske da inuwa da gilashi duka, aikin ana yanka shi gunduwa-gunduwa kowane lebura ya ɗau nashi. Abin da taka za ta kwana tana nishi a kai, tashi kafin a sauke shayi na biyu ta gama. Masu montaj ɗin bidiyo ma haka. Ga ƙofofi kuma, taka hanya 2 gare ta zuwa mamuwar, wato siton da mashin ke ajiye abin da take aiki a kai, tashi 8, leburori ba su cunkushewa bakin sito. Tana ɗaukar mamuwar har tera 2, irin wadda ake ce ma ECC, in lamba ɗaya ta kuskure da kanta take gyarawa.

Alhaji: Tsaya nan! Tana gyara kuskuren lissahi?

Injiniya: Na cikin mamuwar...

Alhaji: Yarona Habu kullum buhu biyu sai sun ɓace a hannunshi. Tana kama shi?

Injiniya: Wannan ba kuskure ba ne Alhaji, Habu ne.

Alhaji ya yi shiru ya ja carbi kaɗan.

Alhaji: Nawa ta ke, don in sani?

Injiniya: Da ya fito a 2023 parosesar ɗin kaɗai dalar Amurka kusan 10,000 ne, sama da sefa miliyan 5. Ba faranti, ba mamuwar, ba akwati, ba duwan.

Alhaji: Miliyan biyat?! Abin da bai kai rabin buredi ba? Ashe shi ya sa Mamman yab bar sayen goro.

Ana cikin haka Ɗan Tani ya riga ya kwance bayan portabul ɗin. Fankar ta toshe da jar ƙasa ta dunƙule kamar auduga, ga ɓawon albasa ja-ja har uku a maƙale, ga wata matacciyar tururuwa. Ya hura, duk layin aka yi atishawa.

Injiniya: Ga ciwonta nan. Ba ta shaƙar iska, da ta yi zafi sai ta rage gudu, kai kana cewa raini ne. A wanke fanka a sa sabon man sanyi, jika 5, ta koma kamar sabuwa.

Alhaji: Uku. Amma Injiniya matso kusa. Wagga ƴar takarda da ka like nan gaba, mai sunan kamhwani, akwai ta Tiridin?

Injiniya: Sitika? Alhaji mashin ɗinka Intel ce fa.

Alhaji: Mamman ya iya karatun boko? Lambar kawai nika so ta hito da girma. Ka buga 97.

Injiniya: Babu mai kai 97 a duniya.

Alhaji: Yawwa. To ni kaɗai ke nan.

Ɗan Tani: Patoro in buga 100 a huta?

Alhaji: A'a, ɗari ya gane ƙarya ce. Nawa za ka buga mini?

Ɗan Tani: Jika 2.

Alhaji: Jika guda, kuma ka maido mini ɓawon albasata.