A koya wa 'ya'yan Katsina tarihin Nijar a matsayin nasu

Kwanakin baya 'yar ƙanena, wadda ke aji biyu na ƙaramar sakandare a nan Katsina, ta kawo mini littafinta in duba mata aikin gida. An ce su lissafa ƙasashen da ke iyaka da Najeriya, ta kuwa rubuta su daidai. Sai na tambaye ta, "Kakarki ta wajen uwa 'yar ina ce?" Ta ce, "'Yar Madarunfa ce, Baba." Na ce to Madarunfa a wace ƙasa take? Ta yi shiru tana kallona, ba ta san a Nijar take ba, kusa da Maraɗi. Tun ranar abin yake cina a rai.

Yarinyar ba ta da laifi. Yadda ake koya mata Birazil haka ake koya mata Nijar: suna, babban birni, launin tuta. Alhali kuwa Maraɗi ta fi Kano kusa da ƙofar gidansu.

A dubi taswira. Nijar ta fi Najeriya faɗi, murabba'in kilomita sama da miliyan 1.2, amma kusan kashi 80 cikin 100 hamada ce. Shi ya sa jama'arta suka taru a kudu inda damina ke sauka, wato a jikinmu. Ko ruwa ma bai san da iyaka ba. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya shayar da fadamun can, sannan ya karkato ya dawo Najeriya ya haɗu da gulbin Rima.

Tarihin ma hanyar da ya bi ke nan. Da Malam Ummarun Dallaje da sauran masu jihadi suka ci birnin Katsina wajen 1807, tsohon gidan sarauta arewa ya nufa, har Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi. Har gobe mai sarautar can Sarkin Katsina ake ce masa. Layin da ya raba mu kuwa Ingila da Faransa ne suka yi ta jansa a takarda, a 1898, da 1904, da 1906. Babban abin da Faransa ke nema shi ne hanya mai rijiyoyi da za ta kai sojojinta daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Ba wanda ya tambayi manomin da aka bar gidansa a nan, gonarsa a can.

Rashin sanin wannan yana da tsada. Lokacin da aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a 2021, mun ji masu cewa an ɗebi kuɗin Najeriya za a kai wa baƙi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka rufe iyaka, aka yanke wa Nijar wuta, har ana maganar tura sojoji. Mu da muke nan mun ga manyan motoci jere a Magamar Jibiya, kaya na lalacewa a rana, 'yan dako zaune ba aiki, har sai da aka buɗe a Maris na 2024.

Na san za a ce ta iyakar nan makamai ke shigowa. Gaskiya ne, kuma mutanen Jibiya da Batsari sun fi kowa ɗanɗana wannan azaba. Sai dai ɓarayin daji ba ta ƙofar kwastan suke bi ba, kuma ba a tsare iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500 ba tare da haɗin kan maƙwabci ba.

Roƙona ga Ma'aikatar Ilimi da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiharmu shi ne su sa malaman Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa su zauna da takwarorinsu na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, su rubuta ɗan ƙaramin littafi da Hausa, mai taswira, a raba wa makarantu a ɓangarorin biyu. Ni dai na yi wa 'yar ƙanena alkawarin idan Allah ya kai mu hutun Sallah, zan kai ta bakin tafkin Madarunfa ta gaida dangin kakarta.