Ba enzim ɗaya ke riƙe tunanin ɓera ba

Duk bayan ’yan shekaru sai jaridu su yi shelar cewa an gano “sinadarin tuna abu” a ƙwaƙwalwa. Ni dai na daina saurin gaskata irin wannan kanun, kuma labarin wani enzim, wato furotin da ke hanzarta ayyukan sinadarai a jiki, mai suna PKMzeta ne hujjata.

Ƙwayoyin jijiya suna miƙa wa juna saƙo ne a wata ’yar mahaɗa. Idan saƙo ya yawaita bi ta nan, sai kalsiyam ya kwarara ciki ta wata ƙofa a jikin ƙwayar da ake kira NMDA, ya tada wasu enzim da aikinsu shi ne liƙa fosfet a jikin furotin. Daga nan masu karɓar saƙo su ƙaru, mahaɗar ta yi ƙarfi. Tim Bliss da Terje Lømo ne suka bayyana wannan ƙarfafuwa a 1973, bayan gwaji kan zomaye a Oslo. Sai dai akwai ƙura: furotin yakan lalace a musanya shi cikin kwanaki ko makonni, amma tsoho yana tuna sunan malaminsa na firamare. To, me ke riƙe tunanin?

Todd Sacktor na New York ya ce PKMzeta ne, domin shi da zarar an samar da shi ba ya daina aiki. A 2006 ɗakin bincikensa ya ɗura wa ɓeraye wani magani, ZIP, da aka ce yana toshe PKMzeta, a ƙwaƙwalwa, sai ga su suna komawa daidai wurin da lantarki ya taɓa jan su, kamar ba su taɓa koyon gudunsa ba. Aka yi ta tafi.

A 2013 ƙungiyoyi biyu, ɗaya ta Richard Huganir a Johns Hopkins, suka fito da ɓerayen da aka cire musu ƙwayar gadon PKMzeta baki ɗaya. Ɓerayen suka koyi darasi sarai, suka kuma riƙe. Abin da ya fi ɗaure kai, ZIP ya ci gaba da rushe ƙarfin mahaɗarsu, alhali abin da aka ce yana kai wa hari babu shi. Sacktor bai saduda ba. A 2016 ya kawo shaidar cewa wani ɗan’uwan enzim ɗin, PKC-iota, shi ke karɓar aikin, kamar yaron shago ranar da maigida bai fito ba.

Wasu na kallon wannan a matsayin kunya ga kimiyya. A’a, ribar kenan. Cire abu daga jikin ɓera tun yana ciki ba ya nuna aikin abin kaɗai, yana nuna har da dabarar da jiki ya yi don cike giɓin.

Shi ma CaMKII, wani enzim mai liƙa fosfet, wanda Alcino Silva da Susumu Tonegawa suka nuna a 1992 cewa ɓeran da ya rasa shi yana shan wahalar gane inda tudun tsira yake a kwamin ruwa, bai tsira daga gardama ba. A 2009 aka auna aka ga tashinsa a mahaɗa bai wuce kamar minti ɗaya ba, balle ya riƙe tunani na shekaru.

Sannan akwai ɓangaren da jaridu ba su cika so ba, wato enzim masu ɓalle fosfet, irin su kalsinurin. A 2001 an rage ƙarfinsa a ɓeraye, sai riƙonsu ya ƙaru. Ashe mantuwa ma aiki ce da ƙwaƙwalwa ke yi da gangan, kuma duk mai shirin haɗa maganin da zai toshe ta sai ya fara gaya mana abin da ɓeran nan ya yi asara a madadin.